Maganin Fargaba Ya Sa Ni Ƙiba, Ko In Canza? Tambayoyi da Amsoshi

Wannan shafi na masu shan maganin ciwon fargaba ne da damuwa, musamman mutanen karkarar Kano da Jigawa, waɗanda suka ga jikinsu na ƙaruwa tun da suka fara magani. Mun rubuta sunayen magunguna yadda suke a jikin kwali, domin ku ɗauko naku ku duba. Adadin da muka kawo misali ne na yadda likitoci ke tsarawa. Wanda zai tsara muku naku shi ne likitan da fayil ɗinku ke hannunsa.

Likita, da gaske maganin ne ke sa ƙiba, ko ni ce dai na cika ci?

Duk biyun, domin ta hanyar cin ne maganin ke yin aikinsa. Wasu magungunan suna toshe wani saƙo a ƙwaƙwalwa da ke sanar da mutum ya ƙoshi. Sai ki ga an ci tuwon dare an sha ruwa, amma kafin a kwanta ana neman ɗan abin zaƙi ko sauran fura. Wannan toshewar ce kuma ke kawo nauyin jiki da yawan barci, aikin da ake yi a da ya ragu.

Akwai hanya ta biyu da mutane ba su cika lura da ita ba. Amitriptyline na busar da baki sosai. Mai busasshen baki a zafin Afrilu zai yini yana shan zoɓo mai sukari, kunun aya, lemon kwalba da shayi. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 9. Kwalba biyu a kullum sun isa su sauya siffar mutum cikin 'yan watanni.

Ta uku kuma ba laifin magani ba ce. Da yawan masu fargaba sun rame kafin su zo asibiti, saboda abinci ba ya shiga. Idan sauƙi ya samu, naman da ya zube ya dawo. Wannan lafiya ce ta dawo.

Waɗanne magunguna ne suka fi yin haka?

Na gaba-gaba su ne amitriptyline da ɗan'uwansa imipramine, sai mirtazapine, sai paroxetine. Amitriptyline ne muka fi haɗuwa da shi a ƙauye saboda arha kuma ko'ina akwai shi. Mirtazapine kan buɗe ciki tun a makonnin farko. Paroxetine a hankali yake yi, sai an shafe watanni a ga zani ya matse.

Masu sauƙi a wannan fanni su ne fluoxetine da sertraline, escitalopram kuma yana tsaka-tsaki. Fluoxetine har yakan rage cin abinci a watannin farko, amma kada a ɗauka zai dawwama a haka, wasu sukan ɗan ƙaru idan shan ya yi tsawo. Buspirone ba a san shi da sa ƙiba ba, sai dai samunsa a wajen birni aiki ne. Bupropion yakan rage nauyi, amma ba shi ne zaɓin farko ga fargaba ba, yakan ƙara wa wasu rashin natsuwa, kuma ba a ba mai farfaɗiya.

Idan a cikin magungunanku akwai olanzapine, sodium valproate ko pregabalin, ku sa musu ido, don suna sa ƙiba ƙwarai, olanzapine ma har yakan taɓa sukarin jini. Amma wanda aka rubuta wa olanzapine ko valproate yawanci ciwonsa ya wuce fargaba kaɗai. Kada ya taɓa su sai da likitan ƙwaƙwalwa.

Ta yaya zan tabbatar maganin ne ba wani abu ba?

Da awo, ba da ido ba. Ku hau sikelin asibitin da ke kusa da ku sau ɗaya kowane mako biyu, sikeli iri ɗaya, da safe, ba takalmi, ba babbar riga ko hijabi mai nauyi, a rubuta a bayan kati. Ku ari tef ɗin tela ku auna ƙugu daidai saitin cibiya. Ga mace, wuce santimita 80 gargaɗi ne, 88 kuma haɗari. Ga namiji 94 da 102. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum.

Sannan a duba waɗannan kafin a ɗora wa magani laifi.

Juna biyu. Duk macen da ke shekarun haihuwa a yi mata gwajin fitsari, ko da tana shayarwa kuma al'ada ba ta dawo ba.

Allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku. Tana ƙara wa wasu mata nauyi. Idan an fara ta lokaci ɗaya da maganin fargaba, a gaya wa likita.

Kumburi. Ku danna babban yatsa a ƙwauri ku ƙirga biyar. Idan wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, ruwa ne ba kitse ba. Idan da haki, ko tari in an kwanta, ko fuska na kumbura da safe, zancen ya koma na zuciya ko ƙoda. Mai jego da ke wankan ruwan zafi tana shan kunun kanwa, ta ga ƙafa na kumbura ga numfashi sama-sama, a kai ta babban asibiti a ranar. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa, kuma bugun zuciyar da yake kawowa yakan yi kama da fargaba.

Maƙoƙo. Idan halittar da ke gaban wuya ta rage aiki, ana samun ƙiba, kasala, jin sanyi, bushewar fata da taurin bayan gida. Gwajin jini ke nunawa.

Dexamethasone ko prednisolone. Ana cusa su cikin haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Suna zagaye fuska, su tara tumbi, ƙafafu kuma su sirance.

Lokacin shekara. Manomi kan zube a tsakiyar damina ya ciko bayan girbi. Wanda ya fara magani a Agusta ya ga ya ƙaru a Disamba, ya tuna da haka.

Ƙiba nawa ce ta isa a yi maganar canji?

Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne ƙarin kashi 7 cikin 100 na nauyin da aka fara da shi. Mai kilo 60, kilo 4 da ɗoriya ke nan. Mai kilo 80, kilo 5 da rabi da ɗoriya. Amma ba sai an jira an kai nan ba idan nauyi na hawa da sauri a wata na farko, ko akwai ciwon suga, ko hawan jini ya kai 140 bisa 90, ko gwajin sukari na safe kafin a ci komai ya kai 126 (wasu na'urorin 7.0 za su nuna). Haka nan idan ƙibar ta dami mutum har ya fara tsallake magani. A ganinmu wannan dalili ne cikakke, domin maganin da ake sha yau a bari gobe ya fi wanda aka canza cikin tsari illa.

To in daina kawai mana, tunda na ji sauƙi?

A'a. Nan ne mafi yawan matsala ke faruwa. Jiki ya saba da maganin, idan aka yanke rana ɗaya, cikin kwana 2 zuwa 4 sai jiri, tashin zuciya, gumi, munanan mafarkai, rashin barci, saurin fushi, da wani abu kamar jan wutar lantarki a kai ko hannu. A ƙauye sau da yawa ana fassara wannan da iska ko sammu, alhali rashin ƙwayar ce. Paroxetine da venlafaxine (shi ma maganin fargaba da damuwa ne) sun fi tsanani domin suna fita daga jini da wuri, venlafaxine ma tsallake shan rana ɗaya ya isa a ji a jika.

Sannan sauƙin da aka ji maganin ne ke riƙe da shi. Ga ciwon fargaba mai naci ana son a ci gaba da sha kamar shekara guda bayan an samu lafiya, sannan a janye a hankali cikin mako 4 ko fiye. Wanda ya shekara biyu ko uku yana sha yakan buƙaci watanni.

Yaya ake yin canjin?

Hanya uku ce, kuma wadda za a bi ta danganta da maganin da za a bari da wanda za a shiga.

Ta farko, a ajiye wannan yau a ɗauki wancan gobe. Ana yin haka tsakanin magunguna 'yan gida ɗaya: paroxetine, sertraline, escitalopram da fluoxetine, sai dai wanda zai bar fluoxetine hanya ta uku yake bi. A ƙiyasce, miligiram 20 na paroxetine yana daidai da 50 na sertraline, ko 10 na escitalopram, ko 20 na fluoxetine. Wanda ke shan 40 na paroxetine, a fara sauko da shi zuwa 20 kafin a tsallaka.

Ta biyu, ana rage tsohon ana ƙara sabon a lokaci guda, cikin mako 2 zuwa 4 ko ɗan fiye. Ita ake bi idan za a bar amitriptyline ko mirtazapine. Ga misalin mai shan amitriptyline miligiram 75 da dare, wato ƙwaya 3 masu 25, da za a mayar kan sertraline. Makon farko ƙwaya 2 da dare, ba a fara sabon ba. Mako na biyu ƙwaya 2 ɗin dai, a ƙara rabin ƙwayar sertraline, miligiram 25, da safe bayan karin kumallo. Mako na uku amitriptyline ƙwaya 1, sertraline cikakkiya 50. Mako na huɗu rabin ƙwayar amitriptyline, sannan a ajiye. Idan a wani mataki jiri ko rashin barci ya yi yawa, a tsaya a nan mako guda ko biyu kafin a ci gaba. Ba tsere ake ba.

Akwai tarko ɗaya a nan da ya kamata kowa ya sani. Fluoxetine da paroxetine suna hana hanta narkar da amitriptyline, sai ya taru a jini ninki-ninki ko da adadin ƙwayar bai canza ba. Sakamakon shi ne ruɗewa, riƙewar fitsari, gani dishi-dishi da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa idan fluoxetine za a shiga, sai an rage amitriptyline aƙalla zuwa rabi tukuna. Mutumin da ya sayi kafson fluoxetine da kansa ya ɗora a kan ƙwaya 3 ko 4 na amitriptyline ya saka ransa cikin haɗari.

Ta uku, a daina, a jira, sannan a fara sabon. Wannan ta fi shafar wanda zai bar fluoxetine, domin yakan yi makonni bai gama fita daga jini ba. Ana jira kwana 4 zuwa 7, a fara sabon da ƙaramin adadi.

Abin lura ga masu fargaba: ana fara musu sabon magani da rabin adadin da aka saba, sertraline 25, escitalopram 5, fluoxetine 10. Cikakken adadi tun ranar farko yakan tayar da faɗuwar gaba, mutum ya ce maganin bai karɓe shi ba ya watsar.

Me zan ji a makonnin farko?

Mako 1 zuwa 2 na farko ba daɗi. Tashin zuciya, ciwon kai, sakin ciki musamman da sertraline, da ɗan ƙarin rashin natsuwa. Shan maganin bayan abinci na rage tashin zuciyar. Wanda ya bar amitriptyline ko mirtazapine ya sa ran barcinsa zai lalace na ɗan lokaci, tunda su ne ke kwantar da shi. A wannan tsakanin a rage goro, shayi mai ƙarfi, kofi da lemon ƙara kuzari, musamman bayan La'asar.

Amfanin sabon magani yana fara bayyana a mako 4 zuwa 6, wani lokaci sai an kai mako 12. Kada a yanke masa hukunci a kwana goma.

Yadda ake bambance wahalar janyewa da dawowar ciwo: ta janyewa tana zuwa kwana kaɗan bayan an rage ƙwaya, da jiri da abin nan mai kama da jan wuta, kuma tana lafawa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka koma adadin baya. Dawowar ciwo a hankali take zuwa, bayan makonni, da irin tunane-tunanen da aka sani tun farko.

Akwai wata illa da kunya ke hana faɗa. Sertraline, fluoxetine da 'yan gidansu suna iya rage sha'awa ko jinkirta biyan buƙata, ga maza da mata. Mirtazapine da ake gudu saboda ƙiba shi ne ya fi sauƙi a wannan ɓangaren. Magidanci ko uwargida da ta ga haka ta faɗa wa likita, akwai gyara. Kada a nufi mai maganin ƙarfin maza na kasuwa.

Waɗanne alamu ne ba a jira da su?

Zazzaɓi tare da karkarwa, gumi, fizgar tsoka, gudawa da ruɗewa, musamman lokacin da magani biyu ke haɗe a jiki. Suma, jijjiga, ciwon ƙirji, ko kasa fitsari. Amai da jini ko baƙin bayan gida. Mutum ya daina barci amma bai gaji ba, yana surutu, yana ɓarin kuɗi, yana jin ya fi kowa: wannan alamar wani ciwon ne daban da maganin ya tono. Dattijo ya ruɗe ko ya dinga faɗuwa, domin waɗannan magunguna kan rage gishirin jini ga tsofaffi. Sai tunanin kashe kai, wanda ya fi faruwa ga 'yan ƙasa da shekara 25 a farkon shan magani ko lokacin canji. Duk wanda ya furta haka, kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magunguna da maganin feshi na gona daga inda yake, a kai shi asibiti.

Ragowar amitriptyline kuma kada a bar shi a kan taga ko cikin kwalla. 'Yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin yaro. A mayar da shi asibiti.

Akwai magungunan da ba a haɗawa da su?

Tramadol ne kan gaba. Masu aikin ƙarfi da ke shan sa lokacin noma su sani haɗa shi da waɗannan magunguna na kawo jijjiga da wancan zazzaɓi mai karkarwa. A gaya wa likita gaskiya, aikinsa magani ne ba hukunci ba. Diclofenac, ibuprofen da asfirin suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki idan an haɗa da sertraline da 'yan gidansa, parasitamol ya fi dacewa. Idan zazzaɓin cizon sauro ya zo, lallai a yi maganinsa, amma a nuna wa malamin asibiti ƙwayar da ake sha, saboda maganin zazzaɓin nan na haɗin artemether da lumefantrine ba ya jituwa da amitriptyline ko imipramine ta ɓangaren bugun zuciya.

Ina da ciki, ko ina shayarwa. Ya zan yi?

Kada ki daina da kanki. Je awo ki faɗa. Paroxetine ana guje masa a watanni ukun farko saboda zuciyar jariri. Sertraline ne aka fi zaɓa wa mai shayarwa domin kaɗan ne ke shiga nono. Mai ciki da magani ya riƙe ta lafiya ba a cika canza mata don ƙiba kawai ba, a bari sai ta sauka.

Wani ya ce in koma diazepam, ba ya sa ƙiba.

Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago. Diazepam da bromazepam suna kwantar da fargaba nan take, shi ya sa ake son su, amma ba a so a wuce mako 2 zuwa 4 ana sha. Bayan nan jiki ya kamu, adadin da ya isa jiya ba zai isa yau ba, kuma yanke su kai tsaye na iya kawo jijjiga. Wanda ya riga ya daɗe a kansu, ana janye masa ne kaɗan-kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kowane mako ɗaya ko biyu.

Mai kemis ɗin garinmu zai iya canza min?

A'a. Masu ƙananan shagunan magani ba su da izinin rubuta irin waɗannan ƙwayoyi. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Jigawa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure. Wanda ya yi nisa da waɗannan ya fara da likitan babban asibitin da ke kusa, Haɗeja, Gumel, Birnin Kudu, Dutse, Wudil, Bichi ko Rano, shi zai tura idan da buƙata.

Ku tafi da katinku, kwalayen duk abin da kuke sha har da na gargajiya, da awon nauyin da kuka rubuta. Ku nemi a rubuta muku tsarin mako-mako a takarda. Wanda ba ya karanta boko, a zana masa ƙwayoyin ko a rubuta da ajami, kuma wani ɗan gida ya ji bayanin tare da shi.

Yaushe ya fi dacewa a fara?

Lokacin da za a iya komawa asibiti bayan mako 2. Ba tsakiyar damina da hanya ta yanke ba, ba ana gab da biki ko tafiya ci-rani ba, ba kuma daren fara azumi ba. Wanda azumi ya same shi ya riga ya zauna kan magani, babu matsala, tunda yawancinsu sau ɗaya ake sha: mai sa barci bayan Isha'i, fluoxetine da sertraline da sahur.

Idan na canza, zan koma yadda nake?

Yunwar ita ke fara lafawa, cikin 'yan makonni. Kitsen da ya taru kuwa ba ya tafiya da kansa. Rage rabin kilo a mako ya wadatar. A fara da abin sha: ruwan randa maimakon zoɓo mai zaƙi, fura da nono ba sukari, shayi da cokali ɗaya. Malmala ɗaya da dare maimakon biyu, a cika kwano da miyar ganye, zogale, rama ko wake. Fanke, ƙosai da awara soyayyu su zama na jefi-jefi. Tafiya mai ɗan sauri minti 30, kwana 5 a mako. Matan da ba sa fita, daka da surfe da zagayen tsakar gida bayan Asuba duk suna cikin lissafi.

Wannan shawarar ita ce dai ga wanda maganinsa ya karɓe shi sosai, ya gwada wasu a baya ba su yi ba. Irin wannan mutum sau da yawa mukan fi son ya zauna a kan nasa ya gyara ci, domin babu tabbacin sabon zai riƙe shi kamar tsohon. Rage adadi yakan taimaka da amitriptyline, amma da mirtazapine yunwar ba ta cika raguwa don an koma miligiram 15 ba. Shayin rage tumbi da ake talla kuma yawanci gudawa da fitsari yake sa wa, ruwa ne ke fita.

A gidanmu murna ake da na yi ƙiba. Ƙanwata ma ta ce in sam mata.

Kada ki ba ta. Wannan ba shi da bambanci da shan sha-ka-fashe da 'yan mata ke yi kafin aure, sai ma ya fi shi haɗari ga zuciya. Ke kuma, idan ramewa kika yi a da yanzu kika ciko, ƙugunki da awon jininki da sukarinki lafiya, ba dole ne ki canza komai ba.

Idan sabon maganin ya yanke a tsakiyar canji fa?

Shi ya sa ba a fara rage tsohon sai sabon na aƙalla mako 6 yana hannu. Kafin ku amince da wani magani, ku tambayi kuɗinsa na wata da inda ake samunsa, domin sertraline da escitalopram sun fi amitriptyline tsada nesa ba kusa ba, kuma ba kowane gari ake samunsu ba. Fluoxetine ya fi su samuwa. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a kwali, ku haddace sunan maganin na asali da adadin miligiram, saboda kamfani da launin kwali kan canza alhali maganin ɗaya ne. Ku ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da rufin kwano.

Idan duk da haka ya yanke, kada ku ninka tsohon don cike gurbi, kada kuma ku ari na maƙwabci. Ku tsaya a adadin tsohon da kuke kai, ku kira ko ku je asibiti cikin kwana biyu. Wanda ya yi fiye da mako guda bai sha sabon ba, yawanci ana mayar da shi kan rabin ƙwaya ne a sake hawa.